Wutar wane ne? Amsa kan hasken da ke shawagi a tatsuniyoyin Japan

Tambaya: Malam, barka da aiki. A zane-zanen Japanawa da finafinansu na katun ina yawan ganin wasu 'yan dunƙulen wuta shuɗaye masu jela suna shawagi kusa da fatalwa. Mene ne asalinsu? Aljanu ne ko rayukan matattu, kuma akwai wani abu na zahiri da mutane suka gani har labarin ya samo tushe?

Amsa: Yauwa 'yar'uwa, barka kadai. Dunƙulen da kike gani sunansa hitodama, kuma a wurin Japanawan da ba aljani ba ne, ran mutum ne da ya rabu da gangar jikinsa. Sai dai hitodama guda ce kawai a cikin tarin wutacen dare da mutanen ƙasar suka raɗa wa suna, kusan kowace gunduma da nata, kuma wanda ya haɗa su ya kira su duka wutar fatalwa ya zubar da abin da ya fi armashi a maganar. Hanyar da na ga ta fi sauƙi wajen rarrabe su ita ce a yi musu tambayar da aka sa a bakin wani sarki a ɗaya daga cikin tsofaffin littattafan tarihin ƙasar.

Littafin Nihon Shoki, wanda aka kammala a shekarar 720, ya kawo labarin Sarki Keiko, na goma sha biyu a jerin sarakunan gargajiya, wanda dare ya riske shi a cikin jirgin ruwa a gaɓar tsibirin Kyushu, duhu ya rufe har matuƙa suka kasa gane inda tudu yake. Can sai aka hango wani haske daga nesa, sarki ya ce a nufe shi, aka bi shi har aka sauka lafiya a yankin Yatsushiro. Da ya taka ƙasa ya tambayi mutanen wurin ko wutar wane ne, aka nemi mai ita aka rasa, sai aka yanke cewa ba ta ɗan Adam ba ce. Littafin ya ce daga nan yankin ya samu sunan Hi no Kuni, wato ƙasar wuta, hasken kuwa daga baya aka san shi da shiranui, wutar da ba a sani ba. Malaman tarihi ba sa ɗaukar labarin Keiko a matsayin tabbataccen tarihi, amma tambayarsa ita ce uwar wannan babi gaba ɗaya.

Abin da ya sa tambayar take da nauyi shi ne kafin zuwan lantarki hasken dare kuɗi ne. Man fitila mai kyau daga irin wata shuka da suke kira natane ake matso shi, kuma yana da tsada, har talaka kan koma ga man kifi mai hayaƙi da wari, kyandir kuwa sai mai hali. A irin wannan zaman babu fitilar da take yawo haka kawai: ko ta matafiyi ce, ko ta masunci, ko ta mai gadi, ko ta 'yan rakiyar amarya, kuma a ƙauye an san kowa. To idan aka hango haske a gefen dutse ko a tsakiyar fadama aka lissafa mutanen gari aka ga kowa yana gida, dole hankali ya nema wa hasken mai shi. Sunayen nan duka amsoshi ne ga wannan nema: wata wutar an ba mamaci, wata an ba dabba, wata an ba ɓarawo, wata an ba abin bauta na teku.

Mu fara da wadda kika tambaya. Hito na nufin mutum, tama kuma na nufin rai, kuma kalmar tsohuwa ce, domin ta zo a Man'yoshu, kundin waƙoƙin da aka tattara a ƙarni na 8, inda aka kwatanta shuɗin fuskar wani da aka gamu da shi a daren ruwan sama da launin hitodama. Waɗanda suka ce sun gan ta suna siffanta ta da dunƙule mai launin shuɗi-shuɗi, wani lokaci ja ko ruwan lemo, tana jan jela a baya, tana tafiya a hankali daidai tsayin rufin ɗaki, ba ta ƙona ciyawa kuma ba ta da zafi. A wasu yankuna an ce tana fita daga gidan majinyaci ana saura kwana biyu ko uku ya rasu, a wasu kuma sai bayan rasuwar, ta nufi gidan ibadar da iyalin suke bi ko gidan wani masoyi kamar mai sallama. A mafi yawan labaran ba ta cutar da kowa, abin baƙin ciki ce kafin ta zama abin tsoro.

Bahaushe zai fi saurin gane tama idan ya tuna da kurwa, abin da gargajiyarmu ta ce yana iya barin jikin mai rai ya yi yawo har a kama shi. Japanawan da ma haka suka ɗauka, cewa ba a ɗaure rai da jiki tamau ba, tsananin damuwa ko kishi ko bege kan iya sa ya zame ya fita mai shi yana nan zaune. Mawaƙiya Izumi Shikibu, wadda ta rayu a wajajen shekarar 1000, ta yi wani gajeren baiti da ake karantawa har yau, inda ta ce saboda tunanin da ya dame ta, da ta ga ƙwarin nan masu walƙiya a bakin rafi sai ta zaci ranta ne ya fito daga jikinta yana yawo. Baitin ya haɗa amsoshi biyu na tambayarki wuri guda, domin ga abin zahiri, ƙwaro mai haske, ga kuma abin da zuciya ta ɗora masa.

A nan ne ya kamata a yi hattara da kalmar aljani. Na fahimci dalilin da ya sa ta zo miki, tunda mun taso da sanin cewa daga wuta aka halicci aljanu. Amma aljani halitta ne dabam mai zaman kansa, bai taɓa zama mutum ba, hitodama kuwa a tunanin masu labarin wani ne da aka sani, mai suna da dangi. Masanin al'adun gargajiya Yanagita Kunio, wanda ya rasu a 1962, ya ja layi tsakanin iri biyu: akwai yokai, dodannin da suke da wurin zamansu, kan gada ko gindin bishiya, waɗanda ke tsorata duk wanda ya ratsa ba tare da zaɓi ba, galibi da almuru, akwai kuma yurei, fatalwar mamaci, wadda ke bin mutum takamaimai duk inda ya je a tsakar dare, saboda akwai wata magana a tsakaninsu da ba ta ƙare ba. Masana na baya sun nuna cewa layin ba ya tsayuwa a kowane labari, kuma suna da gaskiya, amma ga mai fara karatu yana da amfani. Idan har za a nemi abin da ya yi kusa da aljanin tatsuniyoyinmu, a ɓangaren yokai za a same shi.

Dalilin da ya sa kike ganin wutar a gefen fatalwa a kowane zane kuwa ya fi alaƙa da dandalin wasan kwaikwayo fiye da abin da ƙauyawa suka gani. Siffar yurei da duniya ta sani, mace cikin farar rigar da ake binne mamaci da ita, gashi a sake, hannaye a lanƙwashe, babu ƙafafu, ta daidaita ne a zamanin Edo, tsakanin 1603 da 1868, a hannun masu zane da 'yan wasan kabuki. A wasan kabuki akan jiƙa auduga da barasar shochu a kunna ta, a rataye a bakin siririyar sanda, a riƙa lilo da ita kusa da mai fitowa a matsayin fatalwa, kuma harshen wutar barasa shuɗi ne mara ƙarfi. 'Yan kallo suka saba da cewa shuɗiyar wuta na nufin mamaci ya iso, masu zane suka ɗauka, masu katun na yau suka gada. A zamanin ne kuma aka yi yayin wani zaman hira na dare da ake kunna lagwani ɗari, duk wanda ya ba da labarin ban tsoro ya kashe guda, har ɗaki ya yi duhu a kan labari na ɗari, lokacin da aka ce wani abu zai bayyana.

Ta biyu ita ce onibi. Harafin da ake rubuta oni da shi daga Sin ya zo, inda yake nufin ruhin mamaci, duk da cewa a Japan kalmar ta koma sunan wani ƙaton dodo mai ƙaho. Kundin sani na Wakan Sansai Zue, wanda wani likita ɗan Osaka mai suna Terajima Ryoan ya haɗa a wajajen 1712, ya siffanta ta da shuɗiyar wuta da ke taruwa da yawa, ta kusanci mai rai ta zuƙe masa kuzari. Bambancinta da hitodama a ganina shi ne ita ba ta da suna: wutar matattu ce da yawa waɗanda ba a yi musu jana'iza yadda ya kamata ba, shi ya sa ake danganta ta da maƙabarta da fadama da tsofaffin filayen yaƙi, musamman a daren da ake yayyafi. Wurin da ya fi shahara da ita shi ne Dan-no-ura, mashigin tekun da ke kusa da Shimonoseki, inda aka murƙushe dangin Taira a yaƙin ruwa na 1185, da yawansu suka faɗa teku har da sarki Antoku, yaro wanda bai kai shekara goma ba. Ƙarnoni bayan haka ana ta ba da labarin wutace masu yawo a kan ruwan wurin. Masunta a sassa da dama na ƙasar suna da labarin fatalwar waɗanda suka nutse, masu zuwa gefen jirgi su roƙi ludayi, in an ba su sai su yi ta ɗibar ruwa suna zubawa a ciki har jirgin ya nutse, shi ya sa aka ce mai wayo yakan ajiye ludayi mai hudajjen gindi domin irin wannan baƙon.

Ta uku ba ta matattu ba ce sam. Kitsune dabba ce dangin yanyawa, amma matsayinta a tatsuniya ya fi kama da na dila a wurinmu, mai wayo da yaudara, ga ta kuma 'yar aiken Inari, abin bautar da ake danganta shinkafa da shi. Kitsunebi, wutar kitsune, ba dunƙule guda ba ce, jerin fitilu ne da ake hangowa a gefen dutse suna kunnuwa suna mutuwa, in an nufe su su ɓace. A da da dare ake kai amarya, 'yan rakiya na riƙe da fitilun takarda a jere, don haka idan aka ga jerin haske alhali babu wanda ya ji labarin biki a ƙauyukan da ke kusa, sai a ce kitsune ne ke kai tasu amaryar. Da sunan wannan kai amaryar na kitsune kuma suke kiran ruwan saman da ke sauka rana na haskawa.

Labarin kitsunebi da ya fi ƙayatar da ni shi ne na Oji, wanda yanzu unguwa ce a arewacin Tokyo amma a da gonaki ne. An ce a daren ƙarshe na shekara kitsune na duk yankin Kanto, wanda Tokyo ke cikinsa, kan taru a gindin wata babbar bishiya su yi ado kafin su je gaisuwa wurin bautar Inari na Oji, manoma kuma su tsaya daga nesa suna ƙirga wutacensu, daga yawansu su yi hasashen ko damina za ta yi albarka. A nan hasken ya tashi daga abin firgita ya zama abin duba. Mai zane Hiroshige ya fitar da hoton taron a 1857, an sare bishiyar a 1929 saboda faɗaɗa hanya, kuma tun daga 1993 mutanen unguwar suke fitowa a daren 31 ga Disamba da fuskokin kitsune da fitilu a hannu su yi jerin gwano zuwa wurin bautar.

Akwai wani rukuni da ba a cika kula da shi ba, alhali shi ne ya fi tona asirin al'amarin: wutacen ɓarayin mai. A wurin bautar Hiraoka da ke gabashin Osaka an ce wata tsohuwa ta riƙa satar man fitilun wurin, da ta mutu sai ta zama dunƙulen wuta mai fuskarta a ciki, ana kiranta ubagabi, tana tashi a daren ruwan sama. A Kyoto akwai sogenbi, kan wani malamin addinin Buda mai suna Sogen yana ci da wuta, saboda an ce ya riƙa sace mai da kuɗin sadaka a gidan ibadar Mibu. A gefen dutsen Hiei ma akwai makamancin labarin. Mai zane Toriyama Sekien ya sa ubagabi da sogenbi a littafinsa na dodanni na 1776. Maimaituwar laifi guda a wurare dabam-dabam ba haɗari ba ne: al'ummar da man fitila yake da tsada a cikinta, wadda kuma ke kai shi sadaka wuraren ibada, ita ce za ta hukunta ɓarawonsa da zama fitilar da ba ta mutuwa.

Saura tambayarki ta ƙarshe, ko akwai abin da aka gani da ido. Akwai, amma ba abu guda ba ne, kuma Japanawa da kansu sun daɗe suna bincikensa. Inoue Enryo, wanda ya kafa makarantar da ta zama Jami'ar Toyo a 1887, ya shafe shekaru yana zagaya ƙasar yana tattara irin waɗannan labarai, yana ware wanda ƙarya ce aka shirya, da wanda kuskuren ido ne, da wanda abin halitta ne da ba a gane ba, har aka yi masa laƙabi da daktan dodanni.

Bayanin da aka fi yaɗawa shi ne na fosforas da ke fita daga gawa, ganin cewa a karkara binnewa aka fi yi har cikin ƙarni na 20, kafin ƙona gawa ya zama abin da sama da kashi 99 cikin ɗari suke yi a yau. Bayanin yana da daɗin faɗa amma yana da rauni, domin fosforas ɗin da ke cikin ƙashi a haɗe yake da wasu sinadarai kuma ba ya haske. Iskar metan da ruɓaɓɓen ganye ke fitarwa a fadama, wadda Alessandro Volta ya tara a tafkin Maggiore na Italiya a 1776, tana ci da shuɗin harshe, amma ba ta kama wuta da kanta, sai an samu abin da ya kunna ta, kuma a nan ne ake kawo wata iska mai fosforas da ke iya kamawa in ta haɗu da iskar sarari. Masanin fiziya Otsuki Yoshihiko na Jami'ar Waseda ya bi wata hanyar dabam, ya samar da dunƙulen filasma, wato iska mai ɗauke da cajin lantarki da ke haske, a ɗakin gwaji a farkon shekarun 1990, ya ce irinsa ne mutane ke gani. Ban da waɗannan akwai abubuwa masu sauƙi da nake ganin su ne suka haifi mafi yawan labaran: ƙwari masu walƙiya a lokacin damina, da wata laimar kwaɗi mai suna tsukiyotake da ke haske a jikin ruɓaɓɓen itace, da farin ƙirjin zarɓe idan hasken wata ya doke shi, da tauraro mai wutsiya, da fitilar wani matafiyi a can nesa wadda hazo ya sauya mata kama.

Wadda aka fi warware ta sarai ita ce wadda muka fara da ita. Shiranui na bayyana a tekun Yatsushiro a ƙarshen wata na bakwai zuwa farkon na takwas a tsohuwar kalandar wata, a daren da babu farin wata kuma babu iska, bayan tsakar dare lokacin da ruwan teku ya janye. Haske guda ko biyu ne ke fara fitowa, wanda suke kira uwar wuta, sai ya rabu hagu da dama ya yi ta yawaita har ya zama jeri mai tsawon kilomitoci, kuma daga tudu ake ganinsa, wanda ya shiga jirgi ya bi shi ba ya cim masa. Mutanen gaɓar sun ɗauke shi fitilar macijin teku da suke bauta wa, har wasu ƙauyuka kan hana fita su a ranar. Binciken Miyanishi Michika, wanda ya fito a 1943, ya nuna cewa dangin kawalwalniya ce: tekun ba shi da zurfi, idan ruwa ya janye faffaɗan laka kan bayyana, iska mai ɗumi da mai sanyi su jeru gefe da gefe a samansa, sai hasken fitilun masunta ya lanƙwashe yayin ratsa su, fitila guda ta zama goma a idon mai kallo. Ashe dai wutar tana da mai ita, masunci ne. A yau ganin ta ya yi wuya, domin an cike wani sashe na gaɓar an mai da shi gonaki, kuma hasken lantarki ya cinye duhun da take buƙata. Haka ma labarin hitodama ya ja baya a duk inda aka kafa fitilun titi.

Abin da bai ja baya ba shi ne haɗa wuta da rayukan matattu, sai dai yanzu masu rai ne ke kunna ta da hannunsu. A bikin Obon, wanda mafi yawan ƙasar ke yi a tsakiyar Agusta, wasu sassan Tokyo kuma a Yuli, akan kunna 'yar wuta a ƙofar gida ranar 13 domin nuna wa kakanni hanyar dawowa, a kunna wata ranar 16 domin raka su. A garuruwa da dama ana sakin fitilun takarda a kan kogi su bi ruwa, kuma a Hiroshima ana yin haka a kogin Motoyasu kowace ranar 6 ga Agusta domin waɗanda bam ɗin 1945 ya kashe. A Kyoto kuwa, da ƙarfe takwas na daren 16 ga Agusta, ana kunna wata ƙatuwar wuta a siffar harafin da ke nufin babba a gefen dutsen gabashin birnin, sauran duwatsu huɗu su biyo baya ɗaya bayan ɗaya, kuma shaguna da manyan gine-gine kan rage fitilunsu na ɗan lokaci domin a iya ganin ta daga cikin gari.